Jirgin da Ake Ja da Mota

Duk wanda ya zauna a Kakuri ko Makera ya san kudancin Kogin Kaduna unguwar ƙarfe ce. A nan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, a nan masaƙu suka ci zamaninsu, kuma har gobe ba a rasa makanikai da masu walda da hannunsu ya faɗa. Amma filayen jirgin garin duka biyu, tsohon na sojan sama da ke wajen Mando da na ƙasa da ƙasa, suna arewacin kogi. To, a ce wani injiniya a Barnawa ya haɗa ƙaramin jirgi a garejinsa, ta yaya zai kai shi inda zai tashi? Shekaru ɗari da suka wuce maƙera jirage sun ba da amsa mai sauƙi: a naɗe fukafukan, a ɗaura wutsiyar a bayan mota, a ja shi bisa tayoyinsa.

Shekarar 1925 ce mafarin zancen, a nan gida da kuma Ingila. Ranar 1 ga Nuwamba jirage uku na sojan saman Birtaniya, ƙirar DH.9A, suka sauka Kano a zamanin Sarki Usman, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, bayan sun taso daga Helwan ta Masar ranar 27 ga Oktoba. Wanda ya zana asalin irin waɗannan jirage, Geoffrey de Havilland, a lokacin hankalinsa ya koma wani wuri. Ranar 22 ga Fabrairun wannan shekara ya tashi a karon farko da wani ɗan jirgi mai kujera biyu da ya raɗa wa suna Moth, wanda ya ƙera domin farar hula. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike kusan mita 9 ne, amma idan aka naɗe fukafukan baya suka kwanta jikin gangarsa, sai ya koma kusan mita 3. Burin shi ne mai jirgi ya ajiye abinsa a rumfa kamar mota, ba sai ya biya kuɗin babban ɗakin ajiya a filin jirgi ba.

Ba masu sha'awa kaɗai suka yi haka ba. A watan Afrilun 1927, a birnin San Diego na Amurka, da mota aka ja gangar jirgin Charles Lindbergh daga masana'antar Ryan zuwa filin Dutch Flats, wutsiya a gaba, fiffiken kuma aka kai shi daban. Jirgin da ya ƙetare Tekun Atlantika cikin awa 33 da rabi a watan Mayu, tafiyarsa ta farko a kan titi ya yi ta, da baya da baya.

Jan ta wutsiya yana da dalili. Jiragen wancan zamani manyan tayoyi biyu gare su a gaba, a baya kuma ɗan ƙarfe ko 'yar taya. Da an ɗaga wutsiyar an maƙala ta a mota, jirgin ya zama amalanke mai ƙafa biyu, kuma nauyin da ke kan motar kaɗan ne, domin injin yana can ɗaya ɓangaren yana rinjaya.

Burin bai mutu da wuri ba. Ƙungiyar masu ƙera jirage a gida ta Amurka, EAA, ta shirya gasa da sharaɗin jirgi ya kasance mai naɗe fukafukai wanda za a iya ja zuwa gida, kuma a 1962 jirgin katako na Peter Bowers mai suna Fly Baby ya cinye ta. A farkon shekarun 1980 aka fito da Avid Flyer da Kitfox a jihar Idaho bisa wannan tunani. Sai dai yawancin masu irin waɗannan jirage a yau, in tafiyar da nisa, a tirela suke ɗora su.

Abin da ya kayar da dabarar yana cikin ƙafar jirgin kanta. Tayar ƙaramin jirgi ba ta kai ta mota girma ba, wata ma da kaɗan ta wuce rabinta, saboda haka a gudu ɗaya sai ta yi juyi kusan biyu kafin ta mota ta yi ɗaya. An yi ta ne, ita da boris ɗinta, domin gudun 'yan daƙiƙoƙi a fili mai santsi, sannan ta huta a sama. Idan jirgi yana buƙatar mita 300 kafin ya tashi, jan kilomita 20 daidai yake da gudun tashi fiye da sittin a jere, ba hutawa, a kan kwalta mai zafi. Wasu jiragen, irin Fly Baby, ba su da sifirin ko kaɗan, iskar taya ce kawai ke shanye girgiza, don haka kowane rami yana ratsawa har cikin katako da na'urorin gaban matuƙi. Ga kuma iska: an zana jirgi ne ta zo masa ta gaba, to idan aka juya shi ta bugi allunan wutsiya ta baya, sai su riƙa kaɗawa in ba an ɗaure su tam ba. Ɓarnar da ta fi ban tsoro ita ce wadda ido ba ya gani, ɗan tsagu a ƙafa ko a gindin fiffike, wanda ba zai bayyana ba sai jirgin yana sama.

Mai karatu ya kwatanta wannan da hanyar da injiniyanmu zai bi: daga Barnawa zuwa shataletalen tashar jirgin ƙasa, a haye gada, a ratsa titin Ahmadu Bello da na Ali Akilu har Kawo, tsakanin Keke Napep da manyan motoci, da kaya mai faɗin mita uku wanda gogar madubi ɗaya ta isa ta yaga shi. Ko a Legas da aka gwada, abin kallo ya zama. A watan Yunin 2013 mutanen Igando suka wayi gari da jirgi a harabar wani gidan mai, jita-jita ta bazu cewa faɗowa ya yi, sai da hukumomi suka bayyana cewa tsohon jirgi ne da ya daina aiki, ana jansa da dare zuwa wajen Badagry.

Kaduna kuwa da ta tashi ƙera nata jirgin, ba ta bi ta titi ba. Kamfanin AIEP, wanda daga baya ya zama Dornier Aviation Nigeria, ya harhaɗa jiragen koyon tuƙi na Air Beetle guda sittin domin sojan sama, bisa ƙirar RV-6A ta Amurka. Fukafukansu ba sa naɗewa, kuma babu buƙata, domin masana'antar tana cikin tsohon filin jirgin ne, ana fitowa daga ƙofa sai hanyar tashi. A ganina wannan gata ita ce ba ta kai ga matasanmu masu ƙere-ƙere ba. A 2007 labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya zaga duniya saboda jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa a Kano da injin Honda Civic da tarkacen motoci. An yi ta yabo. Amma irinsa, ko ya gama aikinsa a Kakuri ko a Zariya, inda kwalejin koyon aikin jirgin sama take tun 1964, har yanzu yana buƙatar wanda zai buɗe masa ƙofar fili, da injiniya mai lasisi da zai duba abin da ya ƙera kafin a kunna farfela.