Tarihin bindiga mai pampo, da maganar sayen tsohuwa

Iyayenmu dattawa, 'yan uwa na gida da na ci-rani, mun ji wasu daga cikinmu suna sha'awar mallakar tsohuwar bindigar farauta, irin wadda Faransawa ke kira fusil à pompe, mu kuwa muke ce mata mai pampo. Shi ya sa munka ga ya kamata mu faɗi asalinta, domin haɗarinta yana tattare da shekarunta.

Ana ce mata mai pampo saboda katakon da ke ƙarƙashin bututunta. In anka ja shi baya, sai kwankon harsashi ya fita. In anka maida shi gaba, sabo ya shiga. A Amurka anka ƙago ta. Wani maƙeri, Christopher Spencer, ya fito da tasa a 1882. Amma wadda ta cika duniya ita ce ta John Browning, wadda kamfanin Winchester ya ƙera.

Samfurin farko, na 1893, don baƙin albarushi mai hayaƙi anka yi shi, irin wanda kakanninmu ke ɗura wa harba-ruga. Ba a jima ba sabon albarushi marar hayaƙi ya yaɗu, shi kuwa ya fi ƙarfi nesa. Kamfanin da kansa ya tsorata, har ya yi ta karɓar bindigogin 1893 daga hannun masu su yana musanya musu da sabon samfuri na 1897. A duba wannan da kyau: maƙerin da ya yi ta bai yarda a sa mata harsashin zamani ba.

Ta 1897 ta yi rai. Daga wannan shekara zuwa 1957 an ƙera fiye da miliyan 1. Sojan Amurka sun shiga da ita ramukan yaƙi a Faransa, ta kuwa addabi Jamusawa har gwamnatinsu ta kai kuka a watan Satumba 1918, tana barazanar kashe duk wanda anka kama da ita. Sai dai tana da wani hali: in yatsa yana danne da kunama anka maida katakon gaba, tashi take yi nan take. A ramin yaƙi wannan riba ce. A zaure cike da yara fa?

Mu nan ba mu san ta da wuri ba. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta hana a saida wa mutanen yankinmu bindigogin zamani, sai masu ƙanƙara da baƙin albarushi. Zamanin Nasara kuma sai da iznin kumandan, galibi ga sarakai, ma'aikata da tsofaffin soja. Waɗanda sunka samu, da yawa ta wajen Manufrance ta Saint-Étienne ne, wadda anka kafa a 1885; dattawa na tune da babban littafinta na kayan sayarwa, da Simplex mai cin harsashi guda. Tata mai pampo, Rapid, sai 1958.

Ga abin da ya fi damunmu. Tsofaffin bindigogi da yawa ɗakin harsashinsu gajere ne, milimita 65 ko kusa da haka, na yau kuwa 70 ne, wani ma 76. Tsawon nan kuwa na kwanko ne bayan ya buɗe. Saboda haka dogon harsashi yana shiga gajeren ɗaki lafiya lau, mai ita ya ce ai ya zauna daidai. Sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa, ƙarfin ya ƙaru a kan ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci, kusa da fuska da hannun hagu.

Wanda duk ya nace zai saya, a fara da takarda: bindigar da ba ta da izni daga hukuma, jandarma za su karɓe ta, mai ita kuma ya gurfana. Sannan a kai ta wurin wanda ya san aikin ya auna ɗakin, ya leƙa bututun a rana, ya karanta lambobin da anka buga a jikinta. In 1893 ce, a rataye ta a bango.