Dutsen Bagzan na Ƙasar Azbin: Yadda Ƙirar Dutse ke Riƙe Ruwa a Bakin Sahara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ƙirar Dutsen Bagzan da yanayinsa. Matsayarta ita ce ruwan sama shi kaɗai bai isa ya bayyana lambunan yankin ba, sai an haɗa da irin dutsen da ruwan ke sauka a kai.

Muhalli da Asali

Bagzan yana kudancin tsaunukan Azbin, arewa maso gabashin Agadas. Kansa shimfiɗaɗɗen tudu ne da gangare masu tsini suka kewaye. Ƙololuwarsa, Idukal-n-Tages, ta kai mita 2,022 daga doron teku, kuma babu inda ya fi ta tsawo a Nijar. An daɗe ana ba Dutsen Girebun na arewa, mai mita 1,944, wannan matsayi.

Asalinsa narkakken dutse ne da ya kutso cikin tsohon ɓawon ƙasa, ya daskare da siffar zobe fiye da shekaru miliyan 400 da suka wuce. Irin waɗannan zobba na giranit sun jeru daga Azbin zuwa Damagaram har tudun Jos, shekarunsu na raguwa yayin da ake yin kudu: na Damagaram kimanin miliyan 300, na Jos ƙasa da miliyan 200. Kuzar da aka haƙa a Elmeki, cikin Azbin, da ta Jos daga dangin dutse ɗaya suka fito. Can daga baya aman wuta ya malalo da baƙin dutse a wasu sassa.

Yanayi da Ruwa

Damina a nan gajera ce. Iskar kudu maso yamma takan iso a raunane cikin Yuli da Agusta, amma tsawon dutsen yana tilasta mata hawa, ta huce, ta zubar da ɗan abin da ta ɗauko. Da hunturu kuwa, sanyin dare a saman tudun kan kai ga daskarar da ruwa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne makomar ruwan bayan ya sauka. Giranit ba ya shan ruwa, don haka sai ya kwararo cikin koramu da ƙarfi, ya nutse a yashin kwari da tsagogin dutse, inda rana ba ta iya ƙafar da shi. Daga wannan ajiya ce Buzayen Kel Ewe ke ban ruwan albasa da tafarnuwa da dankali, musamman a Tabelot da ke gindin dutsen. Sauran tsoffin itatuwan zaitun na Sahara ma a tsagogin suke rayuwa.

Ajiyar ba ta da zurfi. Da raƙumi ko sa ake jan guga a da, ƙarfin dabba ne ke iyakance abin da za a ɗiba. Injin ban ruwa ya kawar da wannan iyaka, alhali abin da damina ke mayarwa bai ƙaru ba. A ganinmu, auna zurfin rijiyoyin kwarin duk shekara ya kamata ya zo kafin ƙara faɗin lambuna.