Asalin Kalmar “Pom” a Bakin Mutanen Ostareliya

Akwai wani suna da mutanen Ostareliya ke kiran Baturen Ingila da shi, watau Pom ko Pommy. Wani lokaci zambo ne, wani lokaci kuwa wasa ne irin na taubasai, musamman a filin kurket. Mutanen Ingila su kansu sun san sunan, har sukan kira kansu da shi cikin raha.

Labarin da ya fi yaɗuwa game da asalinsa shi ne, wai haruffan farko ne na wasu kalmomin Turanci masu ma’anar “fursunan uwa Ingila”, wai ana rubuta su a rigunan masu laifin da aka kai Ostareliya. Gaskiya ne an yi ta kai masu laifi can tun daga 1788 har zuwa 1868, wajen mutum 162,000. Amma ba a ga kalmar a rubuce ba sai a 1912, shekara 44 bayan jirgin ƙarshe ya sauka, kuma ba a sami wata riga ko takardar hukuma mai waɗannan haruffa ba.

Abin da masana suka fi amincewa da shi ya danganci amo ne. A ƙarni na 19 an riƙa juya kalmar immigrant, watau baƙon da ya zo zama, ana cewa Jimmy Grant don ba’a. Da yake wannan ya yi kama a kunne da pomegranate, sunan rumman da Turanci, sai aka koma kiran baƙin da sunan rumman, sa’an nan aka gutsure shi ya zama Pom. Wasu sun ƙara da cewa akan gane sabon zuwa da jajayen kumatunsa kamar rumman, D. H. Lawrence ya kawo wannan bayani cikin littafinsa Kangaroo na 1923.

Sunan ya ƙara ƙarfi bayan 1945, sa’ad da Ostareliya ta shirya kawo baƙi daga Ingila a kan fam 10 kacal kuɗin jirgi.

To, malamin da zai koyar da asalin kalma, ya kamata ya fara tambayar shekarar da aka fara ganinta a rubuce. Daɗin labari ba hujja ba ne, kuma abin da malami ya faɗa a aji da wuya ya fita daga kan almajiri.