Ungozoma a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Daga Gado zuwa Makaranta

A ƙauyukan Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Malumfashi, ungozomanci a da sana'ar gado ce. Dattijuwar da ta daina haihuwa ke riƙe ta, bayan ta koya a gindin uwarta ko uwar mijinta. Yawancin aikinta kuwa sai bayan ɗa ya faɗo yake farawa, domin al'ada ta ɗora wa mace kunya da dauriya, musamman a haihuwar fari, har takan durƙusa ita kaɗai a ɗaki ba a ji ɗuriyarta ba. Sannan a aika wa ungozoma. Ita za ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta gasa masa cibi, ta kuma tsaya a kan wankan jego da kunun kanwa. Ranar suna a sallame ta da hatsi, sabulu da nama.

Wannan tsari ya ba mai jego gata, amma ba shi da maganin doguwar naƙuda, zubar jini ko jijjiga. In haihuwa ta gardama, sai rubutun sha da jiƙo, wani lokaci har da yankan gishiri, wanda ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari.

Ungozomancin asibiti ya samu gindin doka a Nijeriya a 1930, lokacin da Turawan mulki suka kafa hukumar yi wa ungozomomi rajista. Arewa ta daɗe a baya, saboda horon yana bukatar 'yan mata masu karatun boko, su kuwa ƙalilan ne. Asibitin mishan na Wusasa a Zariya na cikin wuraren da suka fara horar da 'yan Arewa. A 1979 aka haɗe hukumar ungozomomi da ta ma'aikatan jinya, kuma haɗaɗɗiyar hukumar ce har yau ke shirya jarrabawa da ba da lasisi.

Malumfashi ta shiga wannan tarihi ta hannun Jami'ar Ahmadu Bello. A shekarun 1970 asibitin garin yana cikin asibitocin koyarwa na jami'ar, likitoci da ɗalibai suna zuwa daga Zariya, ana kuma binciken cututtukan karkara. A zamanin ne likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da yawan kanwa. Daga 1976 zuwa 1979 kuma Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya. Abin da ya fito fili shi ne, matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su yi awon ciki ba, ba su yi makaranta ba, aka kawo su asibiti bayan naƙuda ta galabaitar da su. Darasin ya shafi ƙasar Katsina kai tsaye: ana bukatar mai ilimi a kusa da mace tun ciki yana ƙarami, ba sai ranar yankan cibiya ba.

Bayan an ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, Makarantar Ungozoma ta Malumfashi ta zama babbar madogarar jihar a wannan fanni. Ɗaliba kan shiga da sakamakon sakandare mai kyau a Turanci, Lissafi da darussan kimiyya, ta yi shekara uku tsakanin aji da ɗakin haihuwa, ba ta zama jarrabawar ƙarshe sai ta karɓi haihuwa da hannunta a gaban malama. Akwai kuma gajeren horo na shekara biyu ga wadda za ta koma yi wa ƙauyensu aiki. Mai son digiri takan nufi jami'a, kamar ta Zariya ko ta Bayero a Kano, inda karatun jinya ke cin shekara biyar tare da ungozomanci a ciki.

Matsalar da ta fi wuya ita ce zama a karkara. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta tura ungozomomi ƙananan asibitocin ƙauye, amma da yawa ba su jure ba saboda rashin masauki da jinkirin alawus. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta tallafa wa daga 2012, ya bi wata hanyar: ɗauko 'yan matan ƙauye da yardar iyaye da mazajensu, a ƙarfafa musu kimiyya kafin su shiga makaranta. Wannan ya fi dacewa da yankin, domin 'yar gari ta san gidajen, magidanta sun yarda da ita, tsofaffin ungozomomi ma sukan rako mata masu ciki zuwa awo. Yawan ungozomomin da yankin zai samu ya rataya ne a kan yawan 'yan matan ƙauye da aka bari suka kammala sakandare.