Tarihin Rini a Ƙasar Kano da Gargaɗi ga Mai Koyo

Wanda ya je Ƙofar Mata a birnin Kano zai tarad da wani fili cike da ramuka kamar rijiyoyi, waɗansu an rufe bakinsu, waɗansu kuwa a buɗe, ruwansu baƙi ƙirin yana kumfa. Wannan shi ne karofi, watau marina. Marinan wurin suna cewa an kafa shi cikin shekarar 1498, a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuwa ya kafa kasuwar Kurmi. Ramukan nan sun fi ɗari, amma yau kaɗan ne daga cikinsu ke aiki. Ya kamata mu san yadda sana'ar nan ta ɗaukaka sunan Kano, da abin da ya kawo ta inda ta ke, domin cikin labarin nan ne mai koyo zai ga abin da ya wajaba ya riƙe.

Asalin rini shi ne baba, wani ɗan tsiro mai ƙananan ganye da a ke shukawa a gona. In ya ƙosa a kan yanke shi a tara, a daka, a cura, a shanya ya bushe, sa'an nan a kai wa marina. Abin mamaki shi ne launin da ke cikin baba ba ya narkewa cikin ruwa zalla. Ko ka jiƙa shi kwana da kwanaki, ba zai kama tufa ba sai an haɗa shi da ruwan toka an bar shi ya ruɓa. Wannan ne sirrin da mutanen da suka gano, ba a nan kaɗai ba, har da ƙasar Hindu da Masar da sauran wurare. A ƙasar Yarbawa mata ne ke rini, cikin manyan tukwanen ƙasa. A ƙasar Hausa kuwa sana'ar maza ce, cikin rijiya su ke yi.

Rijiyar nan ita ce ta ba Kano fifiko. Tukunya komai girmanta ba ta ɗaukar zane da yawa, kuma tana fashewa. Sai marina suka riƙa haƙa rami mai zurfi, wanda ya ɗara tsawon mutum nesa, su shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Shi laso daga katsi a ke yinsa, watau laka mai kwanciya a gindin tsohuwar rijiyar rini. A kan kwashe shi, a cura, a ƙone, a daka, a kwaɓa da ruwan dafara da gashin awaki wanda a ke samu wajen majema. Kun ga ke nan ba abin da ke zubewa banza: dattin tsohuwar rijiya shi ke gina sabuwa. Har magina ma su kan shafe soro da laso don ruwan sama.

Bayan jihadin 1804 garuruwa masu yawa suka koma ƙarƙashin tuta ɗaya, fatauci ya faɗaɗa, rini ya bunƙasa, musamman daga zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, 1819 zuwa 1846. Mata suna kaɗi a cikin gida, masaƙa suna saƙa, marina suna rini, masu bugu suna bugu, maɗinka suna ɗinki, fatake suna ɗauka. Ba birni kaɗai ba, har ƙauyuka, kuma a cikinsu babu kamar Kura, wadda ke kudu da birni. Can ne a ke yin turkuɗi da rawanin nan da a ke kira ɗan Kura. A kan harhaɗa siraran sawaye a ɗinke, a rina su har su yi baƙi, sa'an nan a barbaɗa garin shuni a yi ta bugu bisa gungume har su riƙa walƙiya. Buzaye su ne manyan masu saye. Shunin ya kan zuba a fuskarsu da hannuwansu, su kuwa ado ne a gare su.

Cikin 1851 wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kai wa Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, da Barno a gabas, da Adamawa a kudu, da Tambutu a yamma. Bisa ga lissafinsa, abin da ke zuwa Tambutu kaɗai a shekara bai kasa kayan raƙumi 300 ba, kuɗinsa wuri miliyan 60. Ya kuma lura cewa duk aikin nan a gidaje a ke yinsa, iyali da iyali, ba cikin manyan ma'aikatu irin na Turai ba. To, me ya sa mutumin Tambutu zai jira zanen da ya ratso hamada? Domin ya san rinin ya ji, an tsoma an sake tsomawa, ba a yi masa ha'inci ba.

Sa'an nan zamani ya juya. Cikin 1897 kamfanin BASF na ƙasar Jamus ya fara sayar da shunin da a ke haɗawa a ma'aikata, ba sai an shuka baba ba. Turawa suka ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, ta riƙa kawo akoko da atamfa masu araha, manoma kuma suka dukufa ga gyaɗa. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna. Daga baya yadin ƙasar Sin ya cika kasuwa, har ya durƙusar da yawancin masaƙun zamanin su kansu. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage wa karofi ciniki. 'Ya'yan marina da yawa suka kama wata hanya, rijiyoyi suka cika da shara. Babbar hasarar kuwa ita ce mafi yawan sanin nan a ka da hannu ya ke, duk tsohon marinin da ya rasu bai koya wa kowa ba, ya tafi da abinsa.

Saboda haka kai mai son koyo, fara da neman gwani ka zauna ƙarƙashinsa, ko da aikinka na fari ɗebo ruwa ne da tace toka. A nan za ka koyi haɗa rijiya: ruwa, da toka, da kanwa, da baba, a bari su jiƙa, a riƙa motsawa da muciya kullum har su ruɓa. Da zafi ta kan nuna da wuri, da hunturu ta kan yi nawa. Alamar nunarta kumfa ce mai sheƙi kamar jan ƙarfe a bisa ruwan, da wani wari da hanci ba ya mantawa. In toka ta yi yawa ta ci maka hannu, in ta yi kaɗan rijiya ta mutu. Ka riƙa rufe bakinta saboda ruwan sama.

Kada ka fara da zanen mutane. Nemi tsumma fari na auduga, gama yadin roba ba ya shan baba. Wanke shi sarai don sitacin da ke jikinsa ya fita, ka tsoma shi da danshinsa, in ba haka ba zai yi jirwaye. Tsoma a hankali, kada ka dama ruwan, domin iska in ta shiga rijiya tana rage mata ƙarfi. Ka murza shi a ƙarƙashin ruwa, ka fid da shi, ka matse, ka warware. Za ka gan shi kore shar, kada ka tsorata. Iska ce za ta mai da shi shuɗi a gaban idonka. Sai ya juya duka sa'an nan ka mayar. Wannan shi ne babban darasi: tufa ba ta yin baƙi don ta daɗe cikin rijiya, yawan tsomawa da shan iska ne ke baƙanta ta. Tsomi kaɗan ya ba ka shuɗi mai haske, tsomi da yawa ya ba ka baƙi. Wanda ya yi gaggawa, rininsa a wankin fari zai tona masa asiri.

In hannunka ya faɗa, sai ka shiga ɗauri. Ka sa ɗan tsakuwa ko ƙwarar wake cikin yadi, ka ɗaure da zare ko kaba tamau, inda ɗaurin ya kama zai fito fari. Fara da layi ɗaya madaidaici kafin ka nemi zubi mai wuya. In ka gama rini ka ɗauraye, ka bari ya sha iska kafin ka kwance. In kuwa da maganin kanti za ka yi, wanda a ke haɗawa da soda, to, sa safar hannu ta roba, ka yi shi a sarari, ka nisantar da yara. Amma ka gaya wa mai saye gaskiya, kada ka sayar masa da rinin kanti da sunan baba.

Har yanzu akwai masu neman rinin baba na ainihi, a gida da ƙasashen waje, suna kuwa biyan kuɗinsa. Wanda ke da uba ko kaka marini, ya je ya zauna kusa da shi tun yana da rai, ya tambaya, ya rubuta awon toka da na baba da kwanakin da rijiya ke yi kafin ta nuna, ya ajiye wa na baya.