Amsoshin Tambayoyinku: Shin Gara Na Kai Wa 'Yan'uwanta Guba Har Cikin Suri?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi mai sauraronmu a Tsamiya, ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. Ya ce gara ta cinye masa gindin rumbu, ya tsallaka Segbana a Jamhuriyar Benin ya sayo magani a wata kwalba marar takarda. Mai sayarwa ya rantse masa cewa in gara ɗaya ta taɓa shi, za ta kai wa sauran har su ƙare kakaf. Ya zuba, bayan wata biyu gara ta dawo. Shi ne yake tambaya, wai wannan magana akwai ta kuwa, kuma yaushe aka faro ta?

To Malam, akwai ta, amma ba kamar yadda aka gaya maka ba.

Ka san ba kowace gara ke nemo abincinta ba. Ma'aikata ne ke fita. Sarauniya da ƙanana da sojojin nan masu manyan kawuna, sai an ba su a baki. Bayan haka suna lashe jikin juna don tsabta, kuma in wata ta mutu a rami sukan cinye gawarta. Ta waɗannan hanyoyi ne guba ke wucewa daga wannan zuwa waccan. Sharaɗin dai shi ne wadda ta ɗauko ta rayu har ta koma gida.

Dabarar tsohuwa ce. Tun farkon ƙarni na 20 mutanen Ostireliya ke hura garin gubar arsenic cikin ramukan gara, ita kuma ta kwasa a jikinta ta kai ciki. Sai a 1939 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano ƙarfin DDT a kan ƙwari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu danginsa suka biyo baya, irin su aldrin da dieldrin da chlordane. Da waɗannan sai aka koma jiƙa ƙasa a kewaye gini, a yi wa gara shinge na guba. Gidan ya tsira, amma surin na nan da ransa. Mu nan dattawa ba su manta da Gammalin 20 ba, wanda har kifi aka riƙa kashewa da shi a rafuka, abin da bai kamata ba ko kaɗan. Aibin magungunan shi ne sukan shekara da shekaru a ƙasa, su taru a jikin dabba da mutum. Amurka ta hana chlordane gaba ɗaya a 1988, kana yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa shi da aldrin da dieldrin a jerin abubuwan da duniya za ta rabu da su.

Wannan hani ne ya sa masana suka waiwayi tsohuwar dabara. Farfesa Nan-Yao Su na Jami'ar Florida ya yi aiki a kan abincin tarko mai ɗauke da sinadarin hexaflumuron, aka fara sayar da shi a 1995 da sunan Sentricon. Shi ba ya kisa nan take. Gara takan yi saɓa kamar maciji, to sabuwar fatar ce yake hanawa ta yi kyau, sai ta mutu wajen saɓar, bayan ta ɗauki makonni tana ciyar da 'yan'uwanta. Na biyu shi ne fipronil, wanda kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ya samar, aka fara amfani da shi a kan gara a Amurka a 2000. Gara ba ta jin warinsa, tana ratsa ƙasar da aka zuba shi ta shafa wa wasu. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna wannan shafe-shafe bai cika wuce 'yan mitoci kaɗan daga wurin da aka zuba ba.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Akasarin gwajin nan a kan garar Amurka aka yi shi. Tamu mai gina dogon suri a dajin Kaoje da Illo manomiya ce: tana tara ciyawa da itace a cikin surin, ta shuka musu wata irin fumfuna dangin naman kaza, daga nan take ci. Abinci ba ya tafiya kai tsaye, kuma manyan ma'aikatanta sun gama saɓa, don haka tarkon bai cika kama ta ba. Sarauniyar kuwa tana zuba dubban ƙwai a rana. Ka kashe dubu yau, gobe an mayar.

Game da kwalbarka, ina jin tsoronta fiye da garar. Arewacin Benin, su Kandi da Banikoara, ƙasar auduga ce, kuma maganin auduga kan ɓulla a kasuwannin iyaka. Irinsa ne endosulfan, wanda ya hallaka mutane a can a kakar 1999 zuwa 2000, har Benin ta hana shi a 2008. Maganin feshi irin wannan yakan kashe gara nan take, ba ta kai ko'ina ba. Ga shi kuma yara na kama shinge da damina, kaji na tsattsagar gara a bakin suri.

Saboda haka kada ka sake zuba shi kusa da hatsi. Ka ɗaga rumbun bisa duwatsu, ka riƙa kankare hanyar gara da zarar ta ɓullo, in an gano surin a haƙa a fid da sarauniya kamar yadda iyayenmu ke yi. In kuwa sai da magani, ka nemi malamin gona ya nuna maka mai lambar NAFDAC.