Harshen Mai Ci da Tafarkin Fatauci: Waiwaye a Kan Goro a Ƙasar Kano

Gabatarwa

A ƙasar Faransa akwai gwanayen da in suka kurɓi ruwan inabi za su faɗi gundumar da aka noma shi da shekarun da ya yi a ajiye. Bahaushe, wanda addini ya raba shi da giya, ya zuba irin wannan gwaninta ne a kan goro. Manazarta tarihi, irin su Paul Lovejoy a littafinsa na 1980, sun yi bayani mai gamsarwa a kan fatake da madugai. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa shi ma mai ci yana da hannu a wannan tarihi, domin zaɓinsa ne ya shata wa fatake hanya.

Asalin Cinikin

Tarihin Sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina goro 10,000, kuma a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438-1452) aka buɗe hanyar Gwanja. Ita Gwanja ba ta noma goro. Daga kurmin Asante ake kawo shi kasuwar Salaga, inda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke saye a ƙarni na 19. Tafiya ce ta watanni, ana yi ana kwance huhu, ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta ci. Saboda haka a wancan zamani goro abin sarakuna ne da attajirai.

Ma'aunin Gwani

Gwani yakan duba abu huɗu. Na farko iri: goron Gwanja mai ɓari biyu shi ne abin so, hannunruwa kuwa mai ɓari uku ko fiye an raina shi saboda yauƙi. Na biyu girma, tun daga goriya da marsa har zuwa minu. Na uku launi, inda fari ya fi ja daraja wajen kyauta. Na huɗu kwana: sabon goro yana da ruwa da ɗaci, daushe kuwa ya kwanta, yakan bar zaƙi a baki bayan an kora da ruwa. A bisa dukansu akwai ɗan Laboji na ƙasar Nupe, wanda aka sani da goron sarakuna.

Sauyin Hanya

Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, Salaga ta fara durƙushewa. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata (ya rasu 1955) suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko, kuma da dogo ya iso Kano a 1911 sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A nan hujjarmu ta fi fitowa fili. Yarabawa suna da nasu goron na gargajiya mai suna abata, amma manoman Shagamu da kewaye suka dasa irin da Bahaushe yake so, har suna kiransa gbanja, watau Gwanja. Ashe harshen mai saye a Kano ne ya sauya gonar manomi a kudu.

Goro a Hannun Lebura

Da goro ya yi araha sai ya sauko ga talaka. Lokacin da masana'antun Bompai suka bunƙasa, Sharaɗa da Chalawa suka biyo baya, ma'aikatan da suka zauna a unguwanni irin su Dakata sun riƙe shi maganin barci a aikin dare. Attajiri yakan sayi huhu, mai ɗaurin aure ko suna ya sayi ƙwarya, watau guda 100, lebura kuwa ya sayi ɗaya a faifan mai talla ya raba da abokin aiki.

Kammalawa

Yau alawa da dabino sun raba wa goro fili a wurin biki, sunayen nan kuwa sun fi yawa a bakin dattawa. Wajibi ne ɗalibanmu su shiga kasuwar Mariri su rubuta su daga bakin dillalai, tun masu sanin ma'anarsu suna raye.